Gasasshen Kifin Saba da Farar Shinkafa: Nazarin Cefanen Wani Gida a Sendai a Shekarar Tsadar Shinkafa

A farkon shekarar 2024, ƙaramin buhun shinkafa mai kilo 5 a manyan kantunan Japan yana kaiwa da komowa ne a wajen yen 2,000. Kafin watan Mayun 2025 ya haura yen 4,000. Dalilan sun taru sun yi wa juna yawa. Tsananin zafin shekarar 2023 ya taɓa ingancin abin da aka girbe, gwamnati ta shafe gomman shekaru tana lallaɓar manoma su rage noman shinkafa, baƙi masu yawon buɗe ido sun ƙaru, sannan a watan Agustan 2024 aka yi gargaɗin yiwuwar babbar girgizar ƙasa, jama'a suka yi rububin saye har wasu kantuna suka wayi gari babu ko ƙwaya. Lamarin har kujerar minista ya ci. Taku Eto, ministan noma, ya yi suɓul da baka cewa shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya bayansa ke kawo masa, aka yi masa ca, ya ajiye aiki a watan Mayun 2025. Wanda ya gaje shi, Shinjiro Koizumi, ya fito da tsohuwar shinkafa daga rumbun gwamnati, aka riƙa sayar da kilo 5 a wajen yen 2,000, mutane na bin layi.

A cikin wannan yanayi gidan da na ɗauka don wannan nazari ya samu kansa. Gidan ɗiyar ƙanena ne. Ta bi mijinta Sendai, babban birnin yankin Miyagi da ke arewa da Tokyo, inda yake karatun digiri na uku da tallafin gwamnatin Japan. Tallafin wannan mataki yen 145,000 ne a wata, kuma daidai bakin mutum ɗaya aka yanka shi. Su kuwa su uku ne, har da ɗansu da bai daɗe da fara tafiya ba. In aka fitar da kuɗin haya da inshorar lafiya da wuta da gas (sanyin Sendai ba na wasa ba ne), abin da ya rage wa tukunya bai taka kara ya karya ba. Abin da zan kawo na tattara shi ne daga hirarrakinmu da hotunan da take turo min ta WhatsApp, don ni na koya mata girki tun tana 'yar ficiciyarta, har yau kuma ni take kawo wa ƙarar tukunya.

Inda matsalar take

Da farko girkin gida ta ci gaba da yi, kamar yadda kowa zai yi: jar miya, dafa-duka, shinkafa da wake. Can kuwa tumatir ba da kwano ake auna shi ba, ƙwaya-ƙwaya ake saye, ko uku zuwa huɗu a leda. Tattasai ɗaya-ɗaya ne, attarugu sai an je shagunan baƙi, naman halal kuma daskararre ne daga waje, yawanci kajin Brazil. Tukunyar miya guda irin wadda hannunta ya saba tana lashe kuɗin da ya kamata ya kai su kwana biyu.

Ita kanta shinkafar ba ta ba ta haɗin kai ba. Shinkafar Japan gajeriyar ƙwaya ce, irin su Koshihikari da ta fi kowace suna, da Hitomebore da ake nomawa a nan Miyagi. Nau'in sitacin da ke sa ƙwaya ta ware da 'yar'uwarta kaɗan ne a cikinta, saboda haka danƙo halinta ne, kuma don danƙon ake sonta. Duk dabarar da yarinyar nan ta yi don dafa-duka ta yi warawara, ƙarshenta caɓewa take yi. Mai dogon ƙwaya ta Tailan da basmati akwai su, amma Japan na ɗora harajin yen 341 a kan kowane kilo na shinkafar waje da ya wuce kason da aka ƙayyade, don haka su ma ba su da araha.

A taƙaice, tana sayen kayan Japan da tsadar Japan, tana ƙoƙarin fitar da abincin Kano daga cikinsu, kuɗi na tafiya, daɗi kuma bai samu ba.

Farantin da ta koya

Akwai ajin koyon Japananci da 'yan sa-kai ke gudanarwa a unguwarsu, yawancinsu dattawa masu ritaya. Wata tsohuwa daga cikinsu ce ta ji kukanta, ta zo har gida ta nuna mata abincin da ita ta tashi da shi. Kwanon farar shinkafa a hagu, kwanon romo a dama, gasasshen ɓarin kifi a baya, da ɗan ƙaramin faranti na kabeji mai gishiri. Tsarin tsoho ne a Japan: shinkafa, romo ɗaya, da mahaɗi uku, in hali ya yi ƙaranci a mayar da mahaɗin ɗaya ko biyu. Wannan al'adar cin abinci ce UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a watan Disambar 2013, sai dai abin da ke kan teburin talaka ba shi da wani ƙyale-ƙyale.

Inda hikimar kuɗin take shi ne nan. A girkinmu, miya ce ke ɗaukar nauyin ɗanɗano, kuma dole ta isa ta lulluɓe shinkafar duka, shi ya sa take cin mai da tumatir da nama. A wannan faranti shinkafa fara take zama, babu gishiri babu mai, kifin ne ke ɗauke da gishiri da maiƙo. A gutsiri kifi kaɗan, a bi shi da lomar shinkafa biyu ko uku, a kurɓi romo. Da wannan ci, ɓarin kifi ɗaya ya ishi babban mutum, kifi ɗaya ya ishi mata da miji har yaro ya samu.

Kifin da tsohuwar ta zaɓa saba ne, kifin teku mai maiƙo da zane-zane a gadon baya. Ranar da ɗiyar tawa ta fara sayensa ta turo min saƙon murya tana dariya.

"Gwaggo, wallahi Titus ne. Na juya shi na duba zanen bayansa, shi ne dai wanda kike aikena saye."

Na ce, "Kin tabbata, 'yar nan? Kada ki je ki ci abin da ba ki sani ba a ƙasar mutane."

Ta ce, "Gwaggo, har ƙarnin ma iri ɗaya ne."

Gaskiyarta, zan kuma dawo kan wannan daga baya.

Aikin kifin gishiri ne da haƙuri. Ana tsaga shi gida biyu a tsaye, a cire kayan ciki da ƙashin tsakiya, a wanke jinin da ke maƙale a jikin ƙashin sosai, don nan ne matattarar ƙarni. A kantunan Japan yawanci a tsage ake sayar da shi. Sai a tsane shi da tishu, a ɗan tsaga fatar da wuƙa sau biyu a gicciye don wuta ta ratsa, fatar kuma kada ta tsuke ta fashe. Gishirin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin ne, wato ɓari mai giram 150 yana buƙatar giram 3, rabin ƙaramin cokali ke nan. Tsohuwar ta nuna mata ta ɗaga hannu sama kamar taƙi ɗaya ko fiye tana barbaɗawa, don gishirin ya bazu ko'ina daidai, kada ya taru wuri ɗaya. A yi wa fuska biyun, a ajiye a firij minti 20 zuwa 30.

Abin da ke faruwa a wannan rabin sa'a shi ne rabin girkin. Ruwa zai fara tsattsafowa a jikin kifin kamar zufa, kuma da shi ƙarnin ke fita. Dole a goge shi tas kafin a kai kifin wuta. Wanda ya gasa da wannan ruwa a jiki, ƙarnin ya gasa tare da kifin, fatar kuma ba za ta taɓa yin rumus ba. Gishirin yana kuma sa tsokar ta ɗan kama jikinta, ba ta rugurguje wajen juyawa. Wani lokaci ana samun saba da aka riga aka yi wa gishiri tun daga kamfani. Shi gogewa kawai yake buƙata, ƙara masa gishiri ɓarna ce.

Mutanen Japan sun daɗe da sanin wannan. Saba kifi ne mai saurin lalacewa, Kyoto kuma, tsohuwar fadar ƙasar, ba ta bakin teku. Masunta a garin Obama da ke gaɓar Wakasa kan yi masa gishiri da zarar an fito da shi, 'yan dako su goya shi su ratsa duwatsu tafiyar kusan kilomita 70, kafin su isa Kyoto gishirin ya gama shiga daidai ci. Har yau ana kiran wannan hanya da sunan kifin.

Gashin kuwa, a ƙarƙashin murhun gas na yawancin gidajen Japan akwai wata 'yar durowa mai raga a ciki, da wuta daga sama. Don gasa kifi aka yi ta. Ɗiyar tawa ta daɗe tana ajiye cokula a cikinta, ta ɗauka ma'ajiya ce. Ana fara kunna ta ta yi zafi don kada fata ta maƙale wa ragar, a sa kifin, a gasa ɓangaren tsoka, a juya sau ɗaya tak, a ƙarasa da fatar a sama har ta kumbura ta yi ɗigo-ɗigon ƙuna, man kifin na tsartuwa yana ɗiga. Duka-duka minti goma ne ko kusa da haka. Babu ɗigon man gyaɗa a wannan girki, kifin da mansa yake zuwa. Wanda ba shi da durowar sai ya ɗora kasko a matsakaiciyar wuta, ya kwantar da kifin fata a ƙasa minti biyar zuwa shida ba tare da taɓawa ba, ya juya minti uku zuwa huɗu, yana tsane man da ya taru da tishu. Yawan juyi shi ne babban abin da ke ɓata shi. Hannun da ya saba suya yana ƙaiƙayin juyawa, sai an riƙe shi.

A gefen kifin ana ɗora ɗan tulin daikon da aka goga, wani dogon farin tushe ne mai ruwa da ɗan yaji-yaji, a ɗiga masa shoyu, ruwan ɗanɗanon nan baƙi na waken soya, kaɗan. Aikinsa ya yanke maiƙo. Yankin lemon tsami ma yana yin wannan aiki.

Shinkafar

Da ta daina faɗa da shinkafar ta bi ta yadda take, sai ta ga ashe da daɗinta. Ma'aunin Japan kofi ne mai mililita 180, yana ɗaukar giram 150 na ɗanyar shinkafa, in ta dahu kuma ta cika kwanon ci biyu. Ruwan wanki na farko ana zubar da shi nan take, domin busasshiyar shinkafa tana zuƙar ruwan da ya fara taɓa ta, har da warin dusa. A sake ɗauraye ta sau biyu ko uku a hankali, ba a murza da ƙarfi. Sai a jiƙa ta minti 30, da sanyi a kai awa ɗaya. Ruwan dahuwa ya ɗara shinkafar kaɗan: kofi biyu na shinkafa, ruwa kusan mililita 430. A tukunya mai murfi mai kamawa, a bari ta tafasa, a rage wuta can ƙasa minti 12 zuwa 13, a kashe, a bar ta a rufe wasu minti 10. Ba a buɗewa a leƙa, ba a juyawa, ba a tace ruwa. Bayan nan a buɗe a tayar da ita daga ƙasa don tururin da ya wuce kima ya fita. Su suna da tukunyar lantarki da wani ɗalibi mai komawa gida ya bar musu, ita ke yin duk wannan da kanta in ban da wanki da jiƙo.

Da tsohuwar shinkafar gwamnati ta fito, ita ma ta bi layi ta saya. Ta fi sabuwa bushewa, sai an ƙara mata lokacin jiƙo da ɗan ruwa. Tsohuwar ajinsu ta kuma nuna mata dabarar zamanin da: a haɗa da sha'ir da aka daddanne, a dafa tare, shinkafar ta ƙara auki.

Lissafin a nan mai sauƙi ne. Kilo 5 yana ba da kofi 33. A farashin yen 4,200, kofi ɗaya ya kama yen 126 ko ɗan sama, kwanon ci ɗaya kusan yen 63 ke nan. A yen 2,000 kuwa, kwano ɗaya yen 30. Ko a ƙololuwar tsadar, kwanon shinkafar gida bai kai kuɗin dunƙulen shinkafa ɗaya da ake sayarwa a ƙananan shagunan unguwa ba. Ciwon tsadar a ranar sayen buhu ake jinsa, amma abin da ke zubar da kuɗin gidan a kullum miyar ce da ake zubawa a kai.

Romo, kabeji, da batun halal

Romon na miso ne, wani kwaɓin waken soya da aka tsima da gishiri watanni. Na Sendai ja ne, mai ƙarfin gishiri. Tushen romon ƙananan busassun kifaye ne da ake kira niboshi: a cire kai da baƙin ciki don kada su yi ɗaci, a jiƙa ɗan dintsi a ruwan sanyi rabin awa, a tafasa minti biyar. A zuba abin da ya samu, awara da aka yanka ƙanana, lawashi, ko tsiron wake da ake sayar da leda a yen 30 zuwa 40, wanda duk mai ƙaramin ƙarfi a Japan ya san darajarsa. A kashe wuta sannan a dama miso, babban cokali ɗaya ga kowane kwano. Ba a tafasa shi bayan nan, ƙamshin gudu yake. Masu hali suna ƙara ganyen teku da ake kira kombu. Daga cikinsa ne wani masanin kimiyya, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romo armashi a 1908, shekara ɗaya bayan nan aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wato farin magin nan namu. Ranar da babu kombu, ɗan ƙwaya biyu-uku take jefawa.

Kabejin ba shi da aiki. A yanka, a zuba gishiri kashi 2 cikin 100, a murza a leda da ɗan siririn yankan ɗanyar citta, a bari rabin awa, a matse.

Batun da ya fi damun mijin shi ne giya. Girkin Japan da yawa ana zuba masa giyar shinkafa, da kuma mirin, wani ruwa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa gashin gishiri ya dace da gidan Musulmi, domin babu ko ɗaya daga cikinsu a ciki. Sauran aikin a karatun jikin kwali yake. Wasu kamfanoni na ƙara barasa a miso da shoyu don su daɗe ba su lalace ba, kuma suna rubutawa. Ta haddace haruffan da ke nuna hakan, tana zaɓar miso da ba a ƙara masa komai ba, shoyu kuma mai tambarin halal. Akwai wata dahuwar saba a romon miso da citta da sukari, wadda a ƙa'ida ake sa mata giya. Ita ruwa take sawa, ta ƙara citta, ta fara kwara wa kifin tafasasshen ruwa don ƙarni ya fita, kuma ta ce bai rasa komai ba.

Abin da maigida ya ce

Ranar farko bai yi murna ba.

"Gwaggo, kallon farantin ya yi, ya kalle ni, wai ina miyar?"

Na ce, "Ai da gaskiyarsa. Kin ajiye masa yaji?"

Ba ta ajiye ba, wai tsohuwar ba ta sa ba. Na ce mata tsohuwar ba Bakano take aure ba. Washegari yajin da ta taho da shi daga gida ya hau tebur, ƙorafi ya ragu da rabi. A ganina babu laifi a wannan ko kaɗan, su ma mutanen Japan suna da nasu garin barkono mai haɗi bakwai da suke barbaɗawa a abinci. Yaji mai citta da tafarnuwa yana zama daram a kan maiƙon saba. Abin lura kawai, yajinmu yawanci da gishiri da magi a ciki, kifin kuma ya riga ya sha nasa.

Gishiri shi ne aibin wannan abinci, kuma ban ga amfanin ɓoyewa ba. Kifi da gishiri, romo da gishiri, kabeji da gishiri, ga shoyu. Matsakaicin abin da babban mutum ke ci a Japan ya kai wajen giram 10 a rana, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ƙasa da giram 5 ta ce. Mai hawan jini sai ya rage wani abu, ko ya bar shoyu ya tsaya a lemon tsami, ko ya cika romon da ganye ya rage ruwan. Yaron gidan tsokar tsakiya ake cire masa, inda gishiri bai kai sosai ba, a tsince ƙaya tsaf.

Abin da ya canza a gidan ya fito fili a kwandon cefane. Mai ya daina ƙarewa da wuri. Tumatir ya koma na ranar Juma'a, ranar da ake yin jar miya da kaza a huce takaici. Ragowar kifi ba ta zubewa: a marmasa ta, a cusa a tsakiyar dunƙulen shinkafa, maigida ya tafi da biyu ko uku ɗakin bincike a madadin sayen abincin rana. In dare ya yi an gaji, a zuba marmashin a kan shinkafa a kwara koren shayi mai zafi, wannan ma abincin gida ne sananne a can. Shinkafar da ta rage ana naɗe ta kwano-kwano tun da zafinta a jefa firiza. Kifin kuma da yamma lis take saye, lokacin da kantuna ke manna wa kayan ranar takardar ragi, wani lokaci har rabin kuɗi.

Ba komai ne ya warware ba. Shi kansa saba ya yi tsada a 'yan shekarun nan saboda kamun ya ragu, har na gwangwani da aka yi ta yayinsa a 2018 ya daina zama abin banza. Sati da ya yi tsada sai ta koma sardin ko wani kifin da ke kakarsa, gishirin da gashin duk ɗaya ne. Ga kuma warin gashi a ƙaramin ɗaki, da wankin ragar durowa da ba wanda ke so. Waɗannan ne ma ke sa matasan Japan guje wa kifi. Abin da mutum ɗaya ke ci a shekara ya sauko daga kilo 40.2 a 2001 zuwa kusan kilo 22 a 2022, nama ya sha gaban kifi tun 2011, shinkafa kuma daga kilo 118 a 1962 ta dawo wajen 51 a 2023. Abin da ɗiyar tawa ta koya, girkin kakanni ne da jikokinsu ke bari.

Kifin da ya haɗa mu da su

Na ce zan dawo kan Titus. Saba iri-iri ne. Akwai na tekun Japan, akwai kuma na arewacin tekun Atlantika mai baƙin zane a fili, wanda Norway ke kamawa da kaka lokacin da ya cika da mai. Kaso mai yawa na saba mai gishiri da ake sayarwa a kantunan Japan daga Norway yake zuwa, kuma irinsa ne muke saye a wajen masu kifin ƙanƙara da sunan Titus. Ita Japan kuma ƙananan nata da mutanenta ba su cika so ba tana daskarar da su ta tura Najeriya da Masar da Gana. Kifin gwangwanin nan na Geisha mai romon tumatir, saba ne shi ma, tambarin na wani kamfanin Tokyo ne mai suna Kawasho Foods, kuma ya shigo Afirka ta Yamma tun shekarun 1950.

Saboda haka wanda ke Kano ko Zinder yana da babban jigon wannan faranti a kasuwarsu. Gawayi da ragar gashi sun fi durowar gas, muddin an bari wutar ta zama garwashi, an kuma ɗaga ragar kaɗan, don man da ke ɗiga yana tayar da harshen wuta ya baƙanta kifin. Karfasa ba ta da man da za ta jure wannan gashi ba tare da bushewa ba. Shinkafa kuwa, turararriya ba za ta yi danƙo ba ko an kwana ana dafawa. Shinkafar tuwo ce ta fi kusa, a tsince ta, a jiƙa, a dafa da ruwa ƙididdigagge kamar yadda aka bayyana, a bar muciya a inda take. Miso da wuya a samu sai a manyan kantuna, daddawa kuma ba madadinsa ba ce, tsiminsu daban ne kuma ƙarfinta zai danne kifin. Romo garai na ƙananan busassun kifi da citta da kabeji da awara ɗanya da lawashi ya wadatar.

Wurin da ya kamata a tsaya a kula shi ne sanyi. Kada a yi sha'awar cin wannan kifi ɗanye ko rabin dahuwa don an ga ana cin ɗanyen kifi a Japan. Saba na ɗauke da wata tsutsa mai suna anisakis da ke huda bangon ciki, gishiri da ruwan tsami ba sa kashe ta, sai zafin digiri 60 a ma'aunin Celsius na minti ɗaya a tsakiyar tsoka, ko daskarewar digiri 20 ƙasa da sifili na awa 24. Gashi mai kyau ya gama da wannan. Ɗayan haɗarin gashi bai isa ya magance shi ba. Idan saba ya daɗe a ɗumi, ƙwayoyin cuta na mayar da wani sinadarin tsokarsa histamin, wanda ke kawo jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai da amai cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma wuta ba ta lalata shi. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa, kifi ya narke ya sake daskarewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A sayi wanda yake da tauri har tsakiya, cikinsa bai fashe ba. A narkar da shi a firij, ko a cikin leda a ruwan sanyi, ba a rana ba, minti 30 na gishirin ma a wuri mai sanyi. In aka kai lomar farko baki aka ji harshe na tsitstsinkewa alhali ba a sa yaji ba, a tofar, a zubar da sauran.